An Yanka wa Ibrahim Rago, Ana Kiran Traore

Matar ƙanena ta sauka ranar Talata, an samu namiji, suna ya zagayo Talatar da ta biyo. A daren jajibirin sunan, bayan sallar isha'i, muna zaune a ƙofar gida cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram ta Nijar, rago ɗaure a gindin bedi yana tuƙa, mata a ciki sun kacame da daka, sai ƙanen nawa ya jawo benci ya matso kusa da ni. Ɗan kabu-kabu ne, kuma duk wanda ya taɓa hawa babur ɗinsa ya san hoton da ke manne a tankin mai: Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso, da jar hularsa. Ya ce, "Yaya, ni fa na gama shawara. Traore zan sa wa yaron nan."

Na yi dariya, na zaci zolaya ce. Da na ga ba alamar wasa a fuskarsa, sai na gyara zama irin na babban wa, na ce masa Traore ai sunan dangi ne, kamar ka ce ka sa wa ɗanka suna Barebari. Ya bar ni har na kai aya. Sannan ya sunkuyar da kai don ladabi, ya ce, "To Yaya, kai da ake kira Sanusi, sunan wane kakanmu ne?"

Shayin da ke hannuna na kurɓa, na ce dare ya yi, gobe akwai sammako. Amsar ba ta zo mini ba sai bayan kwanaki, ita ce nake rubutawa yanzu.

Yaron nan gaskiya ya faɗa, dole in fara amsa ta. A duk zuriyarmu babu kaka mai suna Sanusi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, almajirin zaure ne, a bakin malamansa ya tsinci sunan. Manyan da suka yi fice da shi biyu ne: Shehu Muhammadu ɗan Yusufu na Tilimsan a ƙasar Aljeriya, wanda ya rasu a 1490, mai littattafan tauhidin nan da ake biyawa a zaurukanmu, sai Muhammadu ɗan Ali da ya kafa ɗarikar Sanusiyya, ya rasu a Jagbub ta Libiya a 1859. Babu ɗayansu da aka yanka wa rago da sunan Sanusi. Dangantawa ce zuwa ga danginsu, wato abin da Bature zai kira sunan iyali. Ashe ni ɗin nan da na zauna ina yi wa ƙanena wa'azi, shekara arba'in da ɗoriya ke nan ina yawo da sunan dangin wasu.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Aikina koyarwa. Duk shekara idan an koma lakwal ni ke cika rajistar aji da hannuna, don haka na san sunayen ƴaƴan Damagaram kamar yadda mahauci ya san gaɓoɓin akuya. Ga Buhari nan, alhali Imamin sunansa Muhammadu ɗan Isma'ila, Buhara garinsu ne, yana cikin Uzbekistan ta yau. Ga Jilani, daga Jilan ta ƙasar Iran, mai sunan kuwa Abdulƙadir. Ga Suyuɗi, daga Asyut ta Masar, malamin da ya taɓa rubuto wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙa. Tijjani, Rufa'i, Gazali, Shafi'u, duk tafiyar ɗaya ce. Wanda ya fi kama ni dumu-dumu shi ne Inyass. Shehu Ibrahim na Kaulaha a Senegal, wanda ya rasu a 1975, Inyass sunan danginsu ne na Wolof, irin su Diop da Ndiaye, wanda uba ke bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Ta fuskar ginin suna, babu abin da ya raba Inyass da Traore ko da na ƙwayar gero. In na dage cewa sunan dangi ba ya zama sunan yaro, to sai in koma rajistata in soke kashi mai tsoka da jan biro, in fara da kaina.

Duk da haka ban canja ra'ayi ba. Abin da ya canja shi ne dalilina.

Iyayenmu da suka ɗauko waɗannan sunaye sun san mai sunan tun daga kai har ƙafa, kuma gaba ɗayansa suke ɗauka. Muhammadu Buhari ake raɗawa, Ahmadu Tijjani, Abdulƙadir Jilani, Ibrahim Inyass, ni kuma Muhammadu Sanusi. Dangantawar tana zama a kan sunan yanka kamar rawani a kan hula. Tsarin ma ya girmi waɗannan shehunnai a wajenmu: Abubakar ya zama Sadiƙu, Umaru ya zama Faruƙu ko Sanda, Ibrahim ya zama Halilu, Musa ya zama Kalla. Lawali da suka cika garin nan, da Sani da Salisu da Rabi'u da Hamisu, ai lissafi ne kawai, Muhammadu na ɗaya, na biyu, na uku, har inda Allah ya tsayar wa gida. Ka ƙara da sunayen rana da na yanayin haihuwa, su Ɗanladi da Ɗanjuma, Tanko da ya biyo mata, Gambo da ya biyo tagwaye. Ka ƙara da alkunya. Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma har gobe Inna ba ta taɓa buɗe baki ta kira sunana ba. Da can "kai yaron nan" nake, tun da na fara koyarwa na koma "Mushe". Yaron da aka mayar wa sunan kakansa kuwa Abba ne ko Baba har ya yi furfura, don surukar gida ba za ta iya kiran sunan tsohon ba.

Wato Bahaushe ya daɗe da raba suna gida biyu. Akwai na yanka, wanda liman ke yi wa addu'a. Akwai na kira, kuma wannan filin Allah ne, kowa ya shuka abin da yake so. Sarkin Damagaram Amadu ɗan Tanimun, wanda Faransawa suka ci da yaƙi a 1899, kirarinsa na fagen fama ya bi shi har ya zauna a allon babbar makarantar sakandaren garin nan: Amadu Kuran Daga. Baƙon da ya karanta allon zai zaci Kuran Daga sunan iyali ne. Mu mun san laƙabi ne, mun san kuma ɗan wane ne. A wannan fili na laƙabi, wallahi ba ni da ja da kowa. A kira yaro Traore, a kira shi Zidan, a kira shi Mandela. A fadar samarin unguwarmu akwai wanda ko uwarsa ta fara mantawa da sunansa na gaskiya saboda Messi, kuma sama ba ta faɗo ba.

Inda nake tsayawa shi ne bakin takarda.

Faransawa sun bar mana fom mai gida biyu, ɗaya an rubuta nom, ɗaya prénom. A ƙasarsu abin a sarari yake: nom na gidan ne, ba ya motsi, prénom na mutum ne shi kaɗai. Mu ba mu da nom. Abin da muke da shi shi ne wane ɗan wane. Sai ma'aikatan rajista suka yi dabarar da ta fi sauƙi, suka riƙa zuba sunan yankan uba a gidan nom. Ga shi nan a manyanmu: tsohon shugaban ƙasar Nijar, mu nan Isufu Mahamadu muke ce masa, jaridun waje kuwa Mahamadu Isufu suke rubutawa, suna ɗaukar Isufu a matsayin sunan iyali. Haka aka yi ta jujjuya Tanja Mamadu da Diori Hamani, yau wannan a gaba, gobe wancan. Maƙwabtanmu na Najeriya da suka faɗa hannun Ingila, da yawansu sunan gari suka liƙa, aka samu Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kowa dai ya cike gurbin da Bature ya tilasta masa da abin da ya samu a kusa.

Abin da wannan ke haifarwa, wanda ƙanena bai hango ba, nima ban hango ba sai da na zauna da rajista a gabana: a ƙasar nan sunan da ka sa wa ɗanka namiji ba ya tsayawa a kansa. Shi ne zai zama nom ɗin jikokinka. Shi ya sa ma maganar ta fi nauyi a kan namiji, don sunan ƴa mace ba ya shiga takardar ƴaƴanta a wannan gurbi. Dubi yadda Buhari ya yi tafiya. Sunan gari ne a tsakiyar Asiya, ya zama dangantawar malamin hadisi da ya rasu a 870, ya zama sunan wani yaro da aka haifa a Daura a 1942 wanda mahaifinsa Adamu ne, yaron ya girma ya mulki Najeriya, yau ƴaƴansa da Buhari ake sanin su, duniya kuma ta ɗauka sunan gidansu ne tun kaka da kakanni. Cikin zuriya ɗaya tak aka yi wannan juyi.

To mu ɗauka an rubuta wa ɗan ƙanena Traore. A ce sunan uban Lawali. Takarda za ta fito, nom Lawali, prénom Traore. Duk ma'aikacin da ya karɓe ta a Bamako ko Wagadugu ko Abijan zai ce an yi kuskure, an juya gidajen, ya gyara masa da kyakkyawar niyya, ya mayar da shi Lawali na gidan Traore. Wannan ma ƙaramar matsala ce. Bayan shekara ashirin da biyar ko talatin, in Allah ya raya shi ya yi aure, ɗansa zai zo ajin wani mushe a rubuta masa Abdu Traore, ƴarsa Hadiza Traore. Daga nan an samu gidan Traore a cikin Birnin Damagaram, mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta Bambaranci ko Julanci, ba su da kabarin kaka ko ɗaya a yammacin kogin Kwara. Sunan mahaifinmu ya riga ya faɗi daga takarda, wannan dama haka tsarin yake, amma da aƙalla sunan da ya maye gurbinsa irin namu ne, wanda in an ji za a tambaya "wane Ibrahim ɗin, na gidan wa?"

Ga mutanen Mali da Burkina da Gine da Kodebuwa, Traore taswira ce. Da ka faɗe shi an san daga wane tushe ka fito, an san wa ke yi maka kirari, an san abokin wasanka. Mutumin gidan Diarra da ya ji ka ce Traore zai fara tsokanarka nan take, ya ce kai bawansa ne, kamar yadda Bafillace da Babarbare ke yi a kasuwar Dole, kuma ana jiran ka rama. Yaronmu zai tsaya yana zare ido. Zanen aro ba ya rufe katara. Sannan sunan ba na Kyaftin ba ne shi kaɗai. Musa Traore, wanda ya kifar da Modibo Keita a 1968 ya riƙe Mali har zuwa Maris 1991, lokacin da aka tumɓuke shi bayan an harbe masu zanga-zanga a titunan Bamako, shi ma Traore ne. Dioncounda Traore da ya yi riƙon ƙwarya a 2012, Traore ne. Ƴan ƙwallo masu wannan suna ba su ƙirguwa. Ƙanena mutum ɗaya yake ƙauna, amma sunan da ya zaɓa na miliyoyi ne, na kirki da na banza. Abin da ke na mutumin shi kaɗai, wanda iyayensa suka zaɓa masa, shi ne Ibrahim, kuma shi ne ƙanena ya tsallake don ya ga kowa na da shi.

Ban ce haramun ne ba, ba ni da wannan ilimi kuma ba zan ari bakin malamai in ci musu albasa ba. Ayar nan ta 5 a Suratul Ahzab da ta ce a kira mutane da sunan ubanninsu, a kan ɗan riƙo ta sauka, kuma wanda ya sa wa ɗansa Traore bai ce wani ne ya haife shi ba. Niyyarsa ƙauna ce. Sai dai takarda ba ta karanta niyya. Abin da aka zuba mata shi take riƙewa, ta miƙa wa na gaba.

Na ga wahalar takarda da idona, shi ya sa nake tsoronta. Wata shekara, ana gab da rufe karɓar sunayen masu jarrabawa, aka dawo mana da fayil ɗin wani ɗalibina, yaro mai ƙoƙari. A takardar haihuwarsa an rubuta sunansa ta wata fuska, a rajistar firamare ta wata fuska, sunan uban kuma ya hau gaba a ɗaya ya koma baya a ɗaya. Muhammadu guda ɗaya ne a bakinmu, amma a rubutun Faransanci yana iya fitowa Mahamadou, Mahamane, Maman, Mamane ko Mohamed, gwargwadon kunnen wanda ke riƙe da biro ranar. Uban yaron, dattijo mai sayar da itace, ya zo lakwal da takardun a naɗe cikin leda baƙa, ya shimfiɗa su a kan teburina yana danne gefensu da tafin hannu don iska, yana tambayata, "Malam, to wanne ne ɗana a ciki?" Sai da ya yi ta safa da marwa tsakanin ma'aikatar magajin gari da gidan shari'a, ya bar kasuwarsa kwana da kwanaki, kafin a daidaita. Wannan fa da sunan da kowa ya sani ke nan. Ina ga sunan da shi kansa ma'aikacin zai rantse ba a gidansa yake ba?

Akwai kuma maganar lokaci. Su Buhari da Jilani da Gazali sun yi ɗaruruwan shekaru a ƙasa kafin mu ari sunansu. An rufe littafinsu, an san abin da ke ciki, ba za su tashi gobe su ba mu kunya ba. Mai mulki kuwa yana kan hanya, kuma Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsunsa. Wannan ba suka ba ce ga kowa, halin mulki ne. Mu da ƙasarmu ta ga juyin mulkin 1974, ta ga na 1996 lokacin da aka sauke ɗan garin nan shugaba Mahaman Usman, ta ga na 1999 da 2010 da 2023, ai ba sai an ba mu labarin yadda ake sauke hoto daga bangon shago a ɗora wani ba. A 2024 hukumomi a Yamai suka cire sunan Charles de Gaulle, tsohon shugaban Faransa, daga wani babban titi suka sa na Djibo Bakary, ɗan gwagwarmayar neman ƴancin Nijar, kuma na ji daɗin hakan. Titi dai allo ake kwancewa a ɗaura sabo, kafin la'asar an gama. Mutum fa?

Muna da darasin Gaddafi a gabanmu. Shi ma sunan ƙabilarsu ne, Gaddafa, sunansa na yanka Mu'ammar. Ya hau mulki a 1969, kuma a shekarun da tauraronsa ke haskawa iyaye da dama a ƙasar Hausa sun sa wa ƴaƴansu sunan. Aka kashe shi a Sirte a watan Oktoban 2011. Wani tsohon ɗalibina da ke ɗauke da sunan, wanda ya bi ayarin Agadas ya tafi neman kuɗi Libiya bayan abin ya faru, ya gaya mini da ya dawo cewa duk zamansa can bai yarda ya faɗi sunansa ba. A wani gari sunan zai sa a ba ka ruwa, a wani garin kuwa ba ka san abin da zai jawo maka ba, shi kuma ba ya iya bambancewa. Sai ya koma sunan ubansa. Mutum ɗan shekara ashirin da wani abu yana ɓoye sunansa kamar kayan sata, a kan rigimar da aka yi tun bai san hannunsa na dama ba.

Na san za a ce ai Shehu Ibrahim Inyass ma yana raye aka fara sa wa yara sunansa. Haka ne. Amma da Ibrahim ɗin aka haɗa, kuma masu sawa almajiransa ne da suka ɗauki kansu ƴaƴansa a ɗarika, suna zuwa Kaulaha ziyara, an san su an san iyayensu. Akwai igiya tsakaninsu. Igiyar da ke tsakanin ƙanena da Kyaftin ita ce bidiyon TikTok da ake turo masa a waya.

Da na ba wani abokin aikina labarin, mai koyar da Ingilishi, sai ya ce ai Turawa ma sun daɗe suna yi, me ya sa za mu tsananta wa kanmu. Gaskiya ne, a Amurka da Ingila yara maza masu suna Mason da Carter da Taylor da Jackson ba su da iyaka, kuma duk sunayen iyali ne a asali. Na farko ma'anarsa magini, na biyu mai amalanke, na uku tela, na huɗu ɗan Jack. Na yi dariya da na tuna garinmu da ya yi suna a aikin fata, amma ban taɓa jin wanda ya yanka rago ya ce sunan ɗansa Baduku ko Majemi ba. Su suna da dalilinsu. Mace a can idan ta yi aure bisa al'ada takan ajiye sunan gidansu ta ɗauki na miji, don haka sai a liƙa wa ɗa sunan gidan uwarsa kada ya ɓace. Fitzgerald da ke tsakiyar sunan John Kennedy na gidan mahaifiyarsa ne, haka Delano a sunan Franklin Roosevelt. Mu ba mu da wannan rami balle mu cike shi. In kana son karrama surukinka, sunansa na yanka za ka mayar wa yaro kai tsaye, a riƙa kiransa Abba, matarka ta yi ta fara'a wata guda. Abu mafi girma kuma, su nom ɗinsu a kafe yake. Ba'amurken da aka sa wa Carter, in gidansu Smith ne, ɗansa Smith zai fito, Carter ya tsaya a kansa shi kaɗai ya bi shi kabari. Suna iya wasa da sunan farko don akwai turke a bayansa. Namu sunan farkon shi ne turken.

Faransawan da suka ba mu fom ɗin ma ba su sakar wa kansu mara da wuri ba. Tun daga dokar 1803 aka taƙaita musu sunayen da za su sa wa ƴaƴansu ga waɗanda ke cikin kalanda da na mutanen tsohon tarihi, ba a buɗe ƙofar sosai ba sai a 1993. Ni ba na fatan a yi mana irin wannan doka. Ranar da ma'aikacin gwamnati zai zauna ya ce wannan suna ya yi, wancan bai yi ba, to su Tanko da Bawa da Ɗari ne za su fara shan wuya, don ba su cikin littafin kowa. Haƙƙin uba ne ya zaɓa wa ɗansa suna, kuma na fi son ya yi kuskure da hannunsa a kan a ƙwace masa. Amma haƙƙin ɗa ne a zaɓa masa mai kyau, wanda zai iya ɗauka ranar da uban ba ya nan, ranar da gwanin uban ma ba ya nan. Suna linzami ne, kuma ba wanda ya ɗaura shi ne ke tauna ƙarfen ba.

Wani abin dariya, yaran da ke kiran kansu Ronaldo a filin ƙwallon bayan lakwal ɗinmu suna zaton sunan gidansu ɗan wasan ne. Sunansa ne na biyu, an sa masa shi ne saboda Ronald Reagan na Amurka, sunan gidansu dos Santos Aveiro. Ashe shi ma wani uban ne ya ga gwaninsa a allo ya kasa haƙuri. Cutar ba ta Damagaram ba ce ita kaɗai.

Da asuba ranar suna aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi, aka kawo goro da dabino a faranti. Liman ya zauna, dattijo ne da ya yi wa mahaifinmu sallah, ya yafito ƙanena da hannu. Ƙanena ya durƙusa ya kai baki kunnensa. Na ga liman ya ɗan ɗaga gira, ya sake miƙa kunne, suka yi ƴar magana ƙasa-ƙasa da ban ji ba. Daga baya ƙanena ya gaya mini abin da aka yi. Liman ya tambaye shi, shi wannan Traore ɗin ba shi da suna ne? Ya ce, Allah gafarta malam, sunansa Ibrahim. Liman ya ce to ai ka zo gida, Manzon Allah da kansa ya sa wa ɗansa Ibrahim. Abin da na kwana ina nema ban samu ba, tsoho ya gama shi cikin numfashi biyu, bai ko ajiye carbinsa ba.

Aka shafa fatiha, aka kayar da rago, sanƙira ya ɗaga murya ya ce an samu Ibrahim, Allah ya raya. Kafin ya rufe baki, ƴan kabu-kabun da suka jera baburansu a gefen hanya suka ɗauka gaba ɗaya, "Traore! Traore!", suna danna oda har ragon maƙwabta ya tsinke igiya. Liman ya yi murmushi ya jefa goro a baki.

Maganar takarda ce ba ta mutu ba. Ƴar takardar da aka ba su a gidan haihuwa tana nan a ninke cikin ledar da yake ajiye takardun babur, ƙarƙashin sirdi, bai kai ta ma'aikatar magajin gari ba tukuna. Yanzu cewa yake zai sa a rubuta duka biyun a gidan prénom, Ibrahim Traore, sannan sunansa ya biyo. Na ce masa duk ma'aikacin da ya ga suna uku a jere na tsakiyar zai ɗauka na uba. Ya ce shi zai tsaya a kansu har su rubuta daidai. Na ce ba za ka tsaya a kan na Abijan ba. Shekaranjiya ya kai ni lakwal, ya ƙi karɓar kuɗina kamar kullum, muka yi ta yi a kan babur tun daga Birni har ƙofar makaranta, iska na kwashe rabin maganar. A marfin tayar baya na lura an yi sabon rubutu da jan fenti: Baban Traore.

Da yamma muka ɗora daga inda muka tsaya a tsakar gida, Inna na zaune a kan tabarma da jaririn a cinyarta, tana shafa masa man kaɗe a ƙafa. Ta saurare mu har ta gaji. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Kai Mushe, kai da ƙanenka ku tafi waje da surutunku, za ku tayar mini da miji. Ni Halilu na sani."